Idonsa a Buɗe, Amma Barci Yake Yi

A cikin wasiƙun da suka iso mini wannan watan, uku duk a kan firgitar dare ne. Na haɗa su wuri guda domin a ido sun yi kama, amma abin da zai yi wa ɗaya magani shi zai dagula ɗayar. Kamar kullum, na cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana ɗan shekara 4 ya hana mu runtsawa yau kusan wata 2. Yakan kwanta lafiya lau wajen ƙarfe 9, can misalin 11 sai ya zabura ya tashi zaune yana ƙwala ihu, ido a zazzare, gumi sharkaf, ƙirjinsa na bugawa fat-fat. In na rungume shi sai ya ture ni yana shure-shure kamar bai taɓa ganina ba. Bayan kamar minti 10 sai ya sulale ya koma barci. Da safe in na tambaye shi sai ya ce shi bai san an yi ba. Uwar mijina ta ce iska ce, an yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Abin da ya fi tayar mini da hankali, shekaranjiya cikin ihun ya ambaci sunan abokiyar zamana, yanzu a gidan ko gaisuwa ba a yi. Don Allah Anti mene ne wannan? (Wata uwa daga Funtuwa)

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki ladan reno. Kin rubuto mini amsar a cikin tambayarki ba ki sani ba. Kin ce farkon dare ne, kin ce yana ture ki, kin ce da safe bai san an yi ba. Yaron nan barci yake yi. Na san da wuya ki yarda, ga ido a buɗe ga baki na magana, amma haka abin yake.

Barci kamar rijiya ne. Da yaro ya kwanta, awa 2 zuwa 3 na farko can ƙasa yake nutsewa. Shi ne barcin nan da za ki ciccibe shi daga tabarma ki kai gado, ki sauya masa wando, ko motsi bai yi ba. Daga nan sai ya fara haurowa zuwa barci mara nauyi. To a wajen wasu yara guga kan maƙale a tsakiya. Jiki ya farka, murya ta farka, zuciya ta hau bugu, amma sashen ƙwaƙwalwar da ke gane fuska, yake kuma ajiye abin da ya faru, yana can ƙasa bai hauro ba. Shi ya sa bai san ke ce ba. Hannunki da kika sa masa, a wurinsa wani abu ne ya riƙe shi, dole ya yi ta fizgewa. Shi ya sa kuma da gari ya waye babu komai a kansa. Ke ce kika kwana da tashin hankali, shi ya sha barcinsa.

Mafarki irin mai labari, wanda mutum zai tashi ya ce na ga kaza na ga kaza, yawancinsa a wani barcin daban ake yinsa, wanda ƙwayar ido ke yawo a ƙarƙashin fatarta. A 1953 aka fara bayyana wannan barcin a Jami'ar Shikago ta Amurka, kuma ɗalibin da ya gano shi a kan ɗansa na cikinsa, ɗan shekara 8, ya fara gwaji. Irin wannan barcin ya fi yawa a ƙarshen dare, dab da asuba. Don haka ihun ƙarfe 11 da kike ji ba mugun mafarki ba ne. Firgitar barci ce, wadda ta fi kama yara tsakanin shekara 3 zuwa 8, kuma yawancinsu sukan bar ta da kansu kafin su balaga.

Bari in ba ki nawa labarin, ko kya ji sanyi. Na fi shekara 30 ina aikin jinya, mafi yawa a ɗakin yara, amma ranar da ɗana na biyu ya fara wannan abin, duk karatun ya gudu ya bar ni. Na dawo daga aikin yamma ke nan, ko farar rigar ban cire ba, sai na ji ihu daga ɗaki. Na tarar da shi tsaye a kan gado yana nuna bango. Na jijjiga shi, na kira sunansa, na mari kumatunsa, da na ga abin ya ƙi sai na ɗebo ruwan randa a moɗa na watsa masa a fuska. Ya kuwa farka. Ya buɗe ido na gaske ya ga manya shida a kansa, da fitilar ƙwai, da maƙwabciya tana salati, ga shi jiƙe sharaf. A nan ne ya fara kukan tsoro na ainihi, wanda bai tsaya ba sai da aka yi kiran assalatu. Firgitar da za ta wuce a minti 5, ni da hannuna na mai da ita ta kwana. Wani tsohon likitanmu da na ba shi labari, dariya ya yi ya ce in ta sake faruwa in zauna in naɗe hannu. Daga baya ma surukata ta fasa ƙwai, ta ce ai uban yaron yana ƙarami tafiya yake yi cikin barci, an taɓa tsintarsa a turken awaki. Yau ga 'yar ɗan nawa tana yin irin ta ubanta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki tambayi uwar mijinki cikin dabara, ki tambayi taki uwar, da wuya ki rasa wanda ya yi a dangi.

To naɗe hannun nan shi ne aikin, kuma ya fi wuya. In ya fara, ki matso kusa amma kada ki riƙe shi sai in zai faɗo ko zai buge. Kada a tashe shi, kada a watsa ruwa, kada a tara masa jama'a. Tun kafin a kwanta ki kawar da risho, da kaskon wuta in lokacin sanyi ne, da flas ɗin ruwan zafi, ki sa wa ƙofa sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, domin wasu sukan sauko su nufi waje. Ki yi magana ƙasa-ƙasa in kina so, ki yi addu'arki. Da ya lafa ki gyara masa kwanciya ki ja masa gidan sauro. Da safe kada ki titsiye shi da tambaya, kada kuma ki bari yayyensa su riƙa kwaikwayonsa suna dariya. Yaron da ake ce wa jiya ka yi hauka zai fara tsoron kwanciya, ya ƙi barci da wuri, ƙarancin barcin kuma shi ne babban makamashin firgitar.

Maganar addu'a, ba ni da ja da uwar mijinki. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) in zai kwanta yakan haɗa tafukansa ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ya shafe jikinsa, sau uku. Ki yi wa yaronki haka kullum, ki haɗa da Ayatul Kursiyyu. Ko a idon mu ma'aikatan asibiti, uwa ta zauna a bakin gado tana karatu a hankali tana shafa ɗanta a lokaci guda kowane dare, babu abin da ya kai shi saukar da yaro cikin barci lami lafiya. Hayaƙin ne ban yarda da shi ba. A rufe ɗaki a turnuƙe ɗan shekara 4 da hayaƙi, wani ma har da barkono, ƙirjinsa ne zai biya. Na karɓi yara da dama da numfashi ya sarƙe musu ta wannan hanyar.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau, wato sunan abokiyar zamanki. 'Yata, sau nawa yaron nan yake kiran sunan nan daga safe zuwa dare? A tsakar gida ɗaya kuke. Ita ke ba shi ƙanzo, ita ke kora shi daga bakin murhu. Bakin da ke magana ba tare da hankali ba, abin da ya saba faɗa shi yake zubowa. A daren aiki na ji yara masu zafin zazzaɓi suna kiran malamin makarantar allo, suna kiran mai rake, wani akuyarsu ya yi ta kira har gari ya waye. Ba wanda ya ce akuya mayya ce. Amma na ga ranar da aka kawo wani yaro, dangi suna bayansa da wata tsohuwa maƙwabciyarsu da aka tilasta wa tsallaka shi tun a gida, wai ta kama kurwarsa, saboda ya ambaci sunanta. Zanenta a yage, tana rawar jiki. Muka ɗiga jininsa a kan ɗan abin gwaji, minti 15 layi biyu suka fito, zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Yaron ya warke ya koma gida. Tsohuwar kuwa na ji ta bar unguwar. Har yau in na tuna fuskarta sai abinci ya fita raina. Kada ki bari a yi wannan a gidanki da bakin ɗanki. Ke ce uwar yaron, in kika ce ba ki zargin kowa, maganar ta mutu. Ki shiga ɗakinta ki gaishe ta, in da hali ki ba ta wannan shafin ta karanta.

Sai mu koma kan abin da ke tayar da firgitar. Kin ce wata 2 ke nan. Me ya sauya wata 2 da suka wuce? Zan iya cewa ko an sa shi makaranta. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare. Ki lissafa na naki: ya kwanta ƙarfe 9, hayaniyar asuba ta tashe shi, boko da safe, Islamiyya da la'asar, barcin rana ya ɓace. Yaron da ya gaji tiɓis ya fi nutsewa ƙasan rijiyar nan, ya fi kuma maƙalewa wajen haurowa. Ki dawo masa da barcin rana ko na awa 1 ne bayan azahar, ki riƙa kwantar da shi da dare minti 30 zuwa awa guda kafin lokacin da ya saba. Ya yi fitsari kafin ya hau gado, domin cikar mara na tayar da ita. Zafi, cizon sauro, ƙarar janareta da talabijin, duk suna taɓa barci. In yana sosa duburarsa da dare, a duba tsutsar ciki. In kuma yana minshari kamar babba, baki a buɗe, numfashi na ɗaukewa yana dawowa, to a kai shi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wataƙila naman da ke can cikin maƙogwaro ko bayan hanci ne ya kumbura ya tare hanya. Likita na ce, ba wanzami ba. Cire beli ba ya maganin wannan, jini kawai za a zubar.

Tunda kusan lokaci guda take zuwa masa, akwai wata dabara da wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Landan, Bryan Lask, ya bayyana a 1988, kuma har yau ana amfani da ita. Ki samu littafin rubutu ki yi mako guda kina rubuta lokacin da ya yi barci da lokacin da ya zabura. In kin ga tsakanin ya tsaya, misali awa 2, to ki sa ƙararrawar wayarki saura minti 15. Ki taɓa shi a hankali har ya motsa, ya buɗe ido, ya yi gunaguni ko ya kurɓi ruwa, sannan ki bar shi ya koma. Kwana 7 a jere. Kin katse masa zurfin barcin ke nan kafin gugar ta kai inda take maƙalewa. Ba kowane yaro take yi wa ba, amma ba ta cin ko sisi, ba ta kuma da illa.

Abin da ba na so ki kuskura shi ne ki je kemis a haɗa miki maganin sa barci, ko Piriton, ko ruwan maganin tari. Ba a ɗora ɗan shekara 4 a kan waɗannan don a samu shiru.

Akwai kuma inda naɗe hannu ya zama ganganci. In jikinsa da zafi, ba ki da hurumin cewa firgita ce sai an gwada jini, musamman da damina. In ya sandare, ko gaɓoɓinsa na fizga a jere, ko ido ya kakkafe sama, ko yana taune-taune da kumfa a baki, ko wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya ƙi farfaɗowa sosai bayan abin ya wuce, wannan ba firgita ba ce, wataƙila jijjiga ce, asibiti za a nufa a daren, ba sai da safe ba. A kwantar da shi a gefe, kada a cusa cokali, kada a ɗura manja ko rubutu a bakin da ba ya haɗiya. Haka nan in abin na zuwa sau da yawa a dare ɗaya, gajere-gajere iri ɗaya sak, ko yana faruwa da rana ido biyu, likita zai so ya tabbatar ba farfaɗiya ba ce. Ki ɗauki bidiyonsa da waya ki tafi da shi. Gani ya kori ji, bidiyon minti 1 ya fi wa likita bayanin awa guda.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Wata 5 ke nan da muka baro ƙauyenmu bayan 'yan bindiga sun shigo da dare, muna zaune gidan ɗan'uwana. 'Yata mai shekara 6 kusan kullum gab da asuba sai ta farka da kuka ta ƙanƙame uwarta, ta ce masu babura sun biyo ta. Ba ta yarda ta koma barci. Ta ma koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da bari. Na yi faɗa, na yi lallashi, abin ya ƙi. (Wani uba daga Gusau)

AMSA: Malam, Allah ya kiyaye gaba, ya mai da ku gida cikin aminci. Na ji daɗi da uba ne ya ɗauki alƙalami.

Taka 'yar ba irin yaron Funtuwa ba ce. Ita a farke take, ta san uwarta, tana tuna abin da ta gani. Wannan mugun mafarki ne, kuma riƙon da na hana waccan uwar, ku shi za ku yi. A ɗauke ta, a rungume ta, a kunna fitila. Kada a ce mata ƙarya ne ko babu komai, domin ta san akwai komai, da idonta ta gani. A ce mata mafarki ne, ya wuce, ga Baba ga Inna, ƙofa a kulle take. In ta so, ka ɗauke ta ku je ta taɓa sakatar da hannunta. Ka sayo mata 'yar tocila ta zama tata, ta kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Ka koya mata abin da aka koyar da mu game da mummunan mafarki: ta yi tofi ta hagunta sau uku, ta nemi tsari, ta juya ɗaya gefen. Yaron da aka ba abin yi da hannunsa da bakinsa ya fi wanda aka ce wa yi shiru kawai samun natsuwa.

Faɗan nan ka ajiye shi, musamman a kan fitsarin. Ba rashin kunya ba ne, ba lalaci ba ne. Yaron da ya ga tashin hankali yakan koma baya, ya dawo da halin da ya wuce, wani tsotsar yatsa, wani maƙale wa uwa. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane, a wanke da safe ba tare da an sanar da gida ba.

Sannan ku manya ku kula da bakinku. Na san yadda zaman gudun hijira yake: duk wanda ya zo jaje sai an sake ba da labarin daren daga farko, wa aka harbe, wa aka tafi da shi, ga saƙon murya na WhatsApp ana saki a tsakar gida, ga bidiyon gawarwaki ana miƙa waya hannu zuwa hannu. Tana gefe tana wasa da gwangwani, kun ɗauka ba ta ji. Tana ji sarai. Ku kai wannan hirar zaure. A gaya wa matan gidan kuma su daina yi mata barazana da Dodo ko ɓarayi in ta ƙi cin tuwo. Ni ma ina da ƙorafi a nan, mu masu farar riga an mai da mu Dodo, kowace uwa sai ta ce za ta kira mai allura, sannan a kawo mana yaro yana ihu tun daga bakin ƙofa.

Da rana tsaka, ba da dare ba, in ita ta ɗauko zancen mafarkin, uwarta ta saurara, sannan ta ce mata to mu sauya masa ƙarshe. Su mai da shi tatsuniya: baburan suka faɗa taɓo, ko ta yi fiffike ta tashi ta sauka a cinyar kakarta. Ita za ta zaɓa, ba ku ba. Ta zana a takarda ko a ƙasa, ta maimaita kullum. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suna amfani da wannan hanyar har ga manya. In ba ta ɗauko zancen ba, kada a tone ta. A sa ta makaranta ko ta allo ce, ta samu ƙawaye da abin tashi dominsa kowace safiya.

Amma wata 5 ya yi yawa a ce ana jira. Tunda abin kusan kullum ne, ka kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau a fara ganin likitan yara, in ya ga da bukata zai tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Kada sunan ya tsorata ka, ba sai wanda ya yi tsirara a kasuwa ake kaiwa can ba. Ka tafi da uwarta ita ma a duba ta. Ba ka ce komai a kanta ba, amma ina zargin ita ma ba ta barci.

TAMBAYA: Anti, ni shekarata 15. Wani lokaci ina farkawa in ji an danne ni, ba na iya motsi ko magana, har in ga kamar mutum a bakin ƙofa. Abokaina sun ce dannau ne. (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

AMSA: Sunan ke nan, ɗana, dannau. Lokacin barcin mafarki ƙwaƙwalwa kan kashe gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Kai sai hankalinka ya riga jikinka farkawa, kishiyar abin da ke samun yaron Funtuwa ke nan, guntun mafarkin kuma ya biyo ka cikin ɗaki. Daƙiƙoƙi ne zuwa minti 1 ko 2, ba ya kisa, numfashinka kuma yana tafiya ko da ka ji kamar ya tsaya. In ya zo kada ka yi kokawa da shi, ka mai da hankali kan motsa ɗan yatsan ƙafa guda, sauran jikin zai biyo. Ya fi samun mai kwanciya rigingine da mai raba dare, kuma na lura saƙonka ƙarfe 2 da minti 40 na dare ya shigo wayata. Ka kwanta ta gefen dama, wayar kuma ta kwana a aljihun wandon makaranta.